Muton Mai Ƙafa Biyar

Shekara huɗu muna ƙofa da ƙofa da Malam Tankari a Guangzhou, kuma duk Faransancin da ya yi ta ɗura mini a kunne, kalma ɗaya ce tak ta zauna. Muton. Ya taɓa rubuta mini ita a bayan kwalin batir, mouton, harafi har shida don kawai a ce rago. Na ce masa mutanen da ke ɓarnar tawada haka ba abin yarda ba ne. Ya ce shi ya sa har gobe ni Bakano ne.

Mutumin Maraɗi ne, tsohon malamin makaranta. Shekara tara ya yi yana koyar da Faransanci, har ya gaji ya ajiye alli ya biyo 'yan kasuwa. A ginin Tianxiu yake da ɗan ofis, tebur ɗaya da kujera uku, inda yake yi wa mutanen Nijar da na Mali tafinta da haɗa kaya. Ni kuwa sunana Abdulgani, ɗan mahauta ne daga Fagge, na gudo daga jini da ƙuda na zo ƙasar Sin ina sayen batir da cajar waya. Kowa dai da abin da ya koro shi.

Amma malami ba ya tuba. In baƙi suka sauka daga Yamai, sababbin zuwa, suka jeru a bayansa daga kanti zuwa kanti a titin Liuhua Lu, na gaba ya tsaya kowa ya tsaya, na gaba ya sayi bokiti kowa ya sayi bokiti, sai ya waiwayo ya ce mini, "Ga muton ɗina nan." Wai haka Faransawa ke kiran mai bi ba tambaya. Naman da ke cikin taliya muton ne. Fatar da aka shimfiɗa a cikin rigar sanyi muton ce. Ya leƙa ƙarƙashin gadona ya ga ƙura ta dunƙule kamar auduga, ya ce ina kiwon muton ban gaya wa kowa ba. Ran da muka hau jirgin ruwa zuwa Makau don sabunta biza, iska ta taso, igiyoyin ruwa suka yi fari-fari, ya nuna da baki ya ce su ma sunansu ke nan. Na ce, "Malam, wai mutanen nan fatarar magana suke yi ne?" In kuwa hira ta yi nisa ta bar hanya, sai ya buga tebur ya ce, "Mu koma ga tumakinmu," shi ma wai karin maganarsu ne.

To, mu koma ga tumakinmu.

Shekarar 2008 ta gajiyar da mu. Ƙasar za ta karɓi wasannin Olamfik a watan Agusta, aka shiga share gida, mu kuma muna cikin abin da tsintsiya ta taɓa. Tun wajen Afrilu sabunta biza ya gagara. Da, sai ka tsallaka Makau ko Hankon ka kwana biyu ka dawo da sabon hatimi. Yanzu sai a ce ka koma ƙasarku ka nemo. Benenmu da ke cika da hayaniya ya yi tsit, kullum wani na jan akwati zuwa filin jirgi. Waɗanda suka rage kuma kowa fasfo a aljihun gaba, kamar laya.

Ni tawa bizar tana da sauran wata biyu. Ta Malam Tankari ta ƙare tun Yuni. Matarsa Balkissa na da tsohon ciki, cikin fari bayan shekara bakwai da aure, kuma likita ya hana ta hawa jirgi. Ita an ƙara mata kwanaki da takardar asibiti, shi aka ce ya fita. Bai fita ba. Ya rufe ofis, ya shige ɗaki a lungunmu na Xiaobei ya zauna, mako shida ko ƙofar bene bai taka ba. Ni ke sayo musu cefane. In na shiga sai in tarar da shi zaune bakin gado yana kallon fanka.

Ran Juma'a ɗaya ga Agusta ta haihu, namiji. Hajiya Yalwa, wata Bakanuwa mai sayen mayafai da ta zama uwar kowa a benen, ita ta kai ta asibiti ta kuma dawo da ita. Da aka miƙa masa jaririn sai ya juya mana baya, ya kai bakinsa kunnen yaron ya yi masa huɗuba a hankali. Na ce, "Malam, me aka samu?" Ya ce, "Suna ran suna, Bakano. Ku a Kano komi sai kun kai kasuwa." Ko uwar yaron bai gaya wa ba, haka gidansu suke yi.

Washegari ya kira ni ɗakinsa ya ce yana son rago.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Kowa a nan haka yake yi: ka buga waya gida, a sayi rago a can, a tara jama'a, a yanka, a raba goro, kai kuma a nan ka sayi lemo ka ba maƙwabta. Ya girgiza kai.

"Nan anka haihe shi, nan za a yanka. Rago mai rai, in gan shi da idona."

"A Guangzhou? A makon nan? Malam, kana jin jiniyar 'yan sanda kuwa?"

"Ina ji."

"To ko bunsuru ne a samu. Ya halatta, ka fi ni sani."

"Rago na ce."

Raina ya ɓaci, don na san wanda wahalar za ta hau. Na fara faɗa, ya bar ni na gama, sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba a shekara huɗu. An haife shi a shekarar babban fari, lokacin da dabbobi suka ƙare a ƙasarsu, har mai garke ɗari ya koma ba shi da ko akuya. Ranar sunansa liman ya zo, aka yi addu'a, aka faɗi suna, amma ba a yanka komai ba. Kakarsa ta ce sunan da bai sha jini ba ba a kiransa, a ajiye shi sai ran da uban ya samu rago. Kafin nan a riƙa ce masa Tankari. Uban ya rasu yana da shekara huɗu. Aka kai shi makaranta aka rubuta Tankari, takardu duka suka bi, sunan kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Taubasansa har ya girma suna tsokanarsa da Ba-a-yanka.

"Shekara talatin da biyat," in ji shi, "ina amsa sunan aro. Ɗana ba ya yin haka. Kuma ba ni son a ce mini an yanka ta waya. Ni ma ce mini anka yi za a yanka."

Na ɗauki hulata na fita neman rago.

Abin haushin, garin nan laƙabinsa Birnin Raguna. A wani lambu kusa da Liuhua Lu har gunkin dutse suka kafa na raguna biyar, ko da yake ni da na tashi a kwata na gaya muku awaki ne, gemunsu ma ya isa shaida. Birnin Raguna, amma na kwana uku ina yawo ban ga ko kashin tunkiya ba. Kasuwar farko, meyo, wato babu. Ta biyu, meyo. Wani ya buɗe mini firiza ya nuna mini cinya mai ƙanƙara da ta fi ni daɗewa a ƙasar. Wani ya kai ni bayan kanti ya nuna mini baƙaƙen awaki uku. Mutanen kudu ba sa cin naman tunkiya da zafi, sun ce yana ƙara wa jiki wuta, sai sanyi ya shigo. Ga shi kuma ana tare motocin kaya a hanya saboda wasanni. Kullum in dawo da yamma, riga ta manne a baya, ƙafa ta kumbura, in tarar da shi yana jirana a bakin ƙofa.

Ran Talata na zube a kujerarsa na ce na gaji. Ya yi ɗan murmushi ya ce Faransawa na da suna ga irin wannan nema. In mutum na biɗar abin da babu shi, sai su ce yana neman muton mai ƙafa biyar. Na ce ni mai uku ma in na samu zan karɓa. Ya ce a'a, mai uku ba ya yanka, yana da aibi. Ko a wannan hali sai da ya gyara mini magana.

Lao Ma ne ya fid da mu. Musulmi ne daga arewacin ƙasar, mai shagon taliya a bakin titinmu, farar hula kullum a ka, kuma da shi muke sahu ran Juma'a. Da hannu da ƙafa da ɗan Sinancin kasuwa na fahimtar da shi: jariri, kwana bakwai, wuƙa. Ya gane nan take, don su ma suna da irin nasu. Ya buga waya sau uku, ya ce wani ɗan'uwansa na da ɗan garke a Huadu, bayan filin jirgin Baiyun, kuma ran Alhamis zai kai ni da motarsa ta ɗaukar fulawa.

Na kai wa Malam Tankari albishir, na ce gobe war haka ragonsa na hannu. Sai ya ce da shi za a je.

"Ba ka da hankali ne? Mako shida kana ɓoye, sai ana gobe buɗe wasa za ka fito?"

"Ba a aike a zaɓo ragon suna."

"Ni ɗan mahauta ne! Rago nawa ka taɓa buɗe wa baki a rayuwarka?"

"Kai ka san nama. Ni na san wanda nike so."

Balkissa na jin mu daga bayan labule. Ita dama ba mai magana ba ce a gabansa. Shekara huɗu ban taɓa jin ta kira shi da wani abu ba sai Malam, in kuma da wasu take zance sai ta ce "shi". Na so ta sa baki ranar, amma ta ci gaba da jijjiga jaririnta.

Haka muka tafi da hantsin Alhamis, ni da Lao Ma a gaba, malamin Faransanci kwance a baya tsakanin buhunan fulawa. Ko'ina tutoci, ko'ina zoben nan biyar na Olamfik, har a jikin kwandon shara. Muka wuce filin jirgi, muka bar kwalta, muka shiga wata hanya tsakanin gonakin ayaba, jirage na wucewa ta kanmu kamar za su taɓa rufin motar.

Dabba huɗu muka tarar a ƙarƙashin wata rumfar kwano. Tumaki uku, rago ɗaya. Ba irin namu ba ne mai dogayen ƙafafu da santsin jiki. Gajere ne, ulu ya cukurkuɗe masa, kai baƙi, jiki fari in an wanke, ga wutsiya mai kitse kamar an rataya masa matashi. Yana ta haki saboda zafi. Na kama shi na buɗe bakin, ya yi famfara, haƙora biyu manya sun fito, ya haura shekara. Na duba ido, na duba kunne, na taɓa ƙaho, na sa shi ya taka. Ba aibi. Na ɗaga kai in gaya wa Malam Tankari, sai na ga ya durƙusa a cikin kashin tumaki da farar shaddarsa, ya dafa goshin ragon.

"Bakano," ya ce, "ƙirga mini ƙahwahun."

"Huɗu ne."

"Sake dai ƙirgawa."

A hanyar dawowa Lao Ma ya kawo shawara mai kyau. Ya ce a sauke ragon a bayan shagonsa, mota na shiga har ƙofa, ba wanda zai gani. Da safe a yanka a can, a kawo nama gida. Na ce madalla, wannan ita ce magana. Malam Tankari ya ce sam. Ragon suna a gidan mai jego yake kwana. Uwar ɗa ta gan shi, maƙwabta su gan shi, a ji kukansa a san gobe akwai suna a gidan nan. A rufin benenmu za a ɗaure shi, a can za a yanka.

Lungunmu kuwa mota ba ta shiga. Daga bakin titi zuwa ƙofarmu tafiyar minti uku ce, tsakanin masu gyaran waya da masu sayar da kankana. Na ce to a sa shi a babban kwali, a ɗora a kura, a tura kamar sauran kaya, kullum ana yin haka ba mai dubawa. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"Ragon suna a kwali? Talabijin ne?"

Ya ciro igiya sabuwa daga aljihu. Ashe tun daga gida ya taho da ita. Ya ɗaura wa ragon a wuya, ya sauka daga mota, ya kama hanya kamar wanda ya taso daga kasuwar dabbobi ta Maraɗi ana jibi Salla.

Rago dai rago ne ko na wace ƙasa. Taku goma ya yi ya kafe. Na tura ta baya, Malam na ja ta gaba, ya yi wani kuka da ya cika lungun. Kafin ka ce kwabo an taru. Masu shaguna suka fito, tsofaffin mata masu fifita suka matso suna dariya, matasa suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Wani mutumin Mali ya leƙo ta taga daga hawa na uku ya ƙwala ihu, "Muton! Muton!" yana tambaya da guntuwar Hausarsa ko Layya ce ta zo ba a gaya masa ba. Ni ina ta cewa, "Malam, yi sauri, don girman Allah yi sauri." Shi kuwa sai ya tsaya. Ya ɗaga kai ya amsa wa mutumin cewa an yi masa haihuwa, namiji, suna gobe, kowa ya zo. Daga wata tagar aka ce barka, daga wata aka ce Allah ya raya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana amsawa.

Ina jin haushinsa har yau, amma ba zan ɓoye ba, ban taɓa ganin fuskarsa kamar ranar ba. Mutumin da ya yi mako shida yana kallon fanka, ga shi tsaye a tsakiyar rana, igiya a hannu, ƙirji a buɗe, yana tafiya a hankali da gangan don kowa ya ƙoshi da kallo. Abin da ubansa bai samu ya yi ba ke nan. Saura taku kamar talatin mu kai ƙofa.

Taron ne ya jawo su. 'Yan sanda biyu, da wani ɗan sintirin unguwa mai jan ƙyalle a dantse. Ba su yi tsawa ba, ba su taɓa kowa ba. Babban ya dubi ragon, ya dube mu, ya ce fasfo. Na miƙa nawa, ya duba ya mayar mini. Malam Tankari ya ciro nasa ya miƙa da hannu biyu. Mutumin ya buɗe, ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya sa a aljihunsa.

Malam bai yi gardama ba. Ya juyo ya danƙa mini igiyar, ya naɗe ta sau biyu a hannuna.

"Gobe da hantsi," ya ce. "Kada ka bari rana ta yi tsaka. Kai za ka yanka."

Ya bi su, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kansa a sunkuye. Na san sunan da zai laƙaba wa wani da ya gan shi yana irin wannan tafiya. Na tsaya da rago a hannu har suka sha kwana, kuma ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba cewa akwai abin da ban tambaye shi ba.

Sauran yinin a ofishin 'yan sanda na ƙarar da shi, ni da Lao Ma. Ba a bar mu mun gan shi ba. Wayarsa a kashe. Aka ce mu dawo bayan kwana uku, wani ya ce bayan mako, wani ya ce sai an gama wasanni. Da na dawo Hajiya Yalwa ta riga ta gaya wa Balkissa. Na yi zaton zan tarar da kuka. Sai aka ce mini ta lallaɓa ta hau rufin bene da ɗanyen jikinta, ta kai wa ragon ruwa a roba da ganyen kabeji, ta tsaya ta kalle shi, ta sauko.

Juma'a ta waye, takwas ga watan takwas. Gari ya cika da tutoci da ƙahon motoci, kowa na jiran bikin da za a yi a Beijing. Mu kuma muna kan rufi tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya, mu bakwai: ni, Lao Ma, mutumin Malin nan, da wasu huɗu masu sauran kwana a fasfo. Babu goro, dabino da alewa aka zuba a faranti. Matar da muke haya a gidanta ta yarda da ƙyar, ta ce kafin azahar kada ta ga ko gashi ɗaya. Na wasa wuƙar Lao Ma a gindin kwano har ta yi yadda nake so. Muka kayar da ragon muka fuskantar da shi yamma, don a ƙasar nan alƙibla a yamma take, abin da har na baro ban saba da shi ba. Lao Ma ya danne ƙafafu. Na dafa maƙogwaro, na ɗora wuƙa, na buɗe baki in yi niyya.

Sai na tsaya.

"Wane suna?" na ce.

Kowa ya dubi na kusa da shi. Aka aika ƙasa a tambayi Hajiya Yalwa, ta hau da kanta tana haki ta ce ita ba ta sani ba, mai jegon ma ba ta sani ba, bai gaya wa kowa ba. Sunan na can a bakin mutum ɗaya, mutumin kuma na bayan ƙofar da ba za a buɗe mana ba.

Aka shiga shawara. Wani ya ce a ɗaga sai kwana goma sha huɗu. Na ce a ajiye ragon a ina, a aljihunka? Kuma wa ya ce maka ran sha huɗun zai fito? Wani ya ce a sa Muhammadu kawai, ai kowane namiji Muhammadu ne. Wani ya ce a yanka haka nan, Allah ya san sunan. Wannan ta fi ƙona mini rai, don na san labarin da su ba su sani ba: a wancan karon suna ba rago, a wannan karon rago ba suna. Rana na hawa, ragon na numfashi a ƙarƙashin gwiwata. Wallahi na gaji, gajiyar da ban taɓa yin irinta ba, har na ji da ma in saki wuƙar in zauna.

Sai muka ji taku a matakala. Balkissa ce, lulluɓe da mayafi, jaririn a kafaɗa. Hajiya Yalwa ta ce, "Ke 'yar nan, mai jego a cikin maza? Koma ƙasa!" Ba ta koma ba. Ta tsaya daga bakin ƙofar rufin, idonta a ƙasa, ta yi magana da muryar da sai da na miƙa wuya na ji.

"Yaya Abdulgani, a sa Isufu."

"Isufu? Shi ya gaya miki?"

"A'a."

"Sunan mahaifinki ne?"

Ta girgiza kai. Ta gyara wa yaron hula, ta daɗe tana gyarawa.

"Nashi ne," ta ce. "Ran ɗaurin aurenmu na ji shi, sau guda, daga bayan zana. Ba a taɓa yanka mishi ba."

Hajiya Yalwa ta kai hannu ta rufe baki. Mace ta faɗi sunan mijinta, kuma sunan ɗanta na fari, a gaban maza bakwai, da baki ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ce kunya. Ni kuwa shekara huɗu ina cin abinci kwano ɗaya da mutum, sai ranar na san sunansa.

Na gyara riƙon wuƙa. Na ce bismillahi, Allahu akbar, wannan na Isufu ne. Jinin ya bi siminti ya gangara magudanar ruwan sama.

Kwana ashirin da shida suka riƙe shi. Ran da za a sa shi a jirgi aka yarda in kai masa jakarsa filin Baiyun, aka ba mu minti biyar a wani benci, ɗan sanda na tsaye gefe yana duba agogo. Balkissa ba ta zo ba, ba ta yi arba'in ba, takardun yaron ma ba su fito ba tukuna. Ya rame, gemu ya fito masa da furfura da ban san yana da ita ba. Ya zauna kamar buhun da aka zazzage.

Duk da haka sai da ya koyar da ni. Ya ce a Faransanci wanda ake sakawa cikin ɗakin 'yan kaso don ya saurari hirarsu ya kai rahoto, shi ma muton ne, amma a nasu ɗakin ba a buƙaci ko ɗaya ba, kowa laifinsa a rubuce yake a fasfo. Ya ce kuma Turawa in barci ya ƙi zuwa tumaki suke ƙirgawa, ya gwada.

"Guda ɗai gare ni. In ƙirga shi, in sake ƙirga shi." Ya dubi jakar da ke hannuna. "Bakano, mu koma ga tumakinmu. An yanka?"

Na buɗe jakar na ciro gwangwanin madara. Hajiya Yalwa ce ta soya naman ragon irin na gida, ya soyu ƙayau ya kwanta a cikin kitsensa, ta ce ko wata uku zai yi. Na buɗe murfin na miƙa masa. Ya ɗauki tsoka ɗaya, ya riƙe, bai kai baki ba.

"Da hannuna," na ce. "Da hantsi, kafin rana ta yi tsaka."

"Da wane suna? Ban hwaɗa ma kowa ba. Kwana ashirin da shida abin da ke cina ke nan."

"Maiɗakinka ce ta ba da shi."

"Balkissa? Mi ta ce?"

"Isufu."

Aka yi kiran wani jirgi da Sinanci, aka sake da Turanci, yana nan riƙe da tsokar nama. Na ce, "Wanne ka raɗa masa a kunne? In ka so a gyara, sai a gyara." Ya girgiza kai.

"Wancan bai sha jini ba. Bar shi."

Ɗan sandan ya taɓa agogonsa. Malam ya sa naman a baki, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ya miƙe ya rataya jaka, ya rungume gwangwanin a ƙirji, ya yi taku biyu, sannan ya juyo.

"Bakano. Sake hwaɗi."

"Isufu," na ce.

"Na'am," in ji shi.